Kaskar Ragon Suna

Assalamu alaikum. Ɗalibaina da iyayensu, da duk masu tambayar abin da ya tsayar da darasi tun bayan sunan 'yata Hafsa, yau dai hannuna ya iya riƙe waya.

A kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya na sayo ragon sunan. Washegari ina alwala na ga kaska maƙale a bayan gwiwata, ta sha jini ta kumbura. Na fizge ta na murtsuke da farce, yadda muke yi a ƙauye muna yara. Maman Hafsa ta ce in yi nesa da jaririya da wannan ƙazanta. Muka yi dariya.

Ba a yi arba'in ba zazzaɓi ya kayar da ni. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce maleriya ce. Mu nan unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, wane gidan Bahaushe ne babu ragowar maganin maleriya da alhazai suka bari? Na sha, na ƙara.

Ranar da fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, idanuna suka yi ɗorawa, aka kwashe ni sai mustashfa, wato asibiti.

Tahalil, wato gwajin jini, safe da yamma. Ƙarin ruwa, ƙarin jini. Likita ya ce abin da ke cikin jinina ya yi kama da maleriya, sannan ya tambayi rabona da Nijeriya. Na ce shekaru. Ya sake duba takarda.

Duban nan da ya yi wa takardar ya fi allura ciwo. Na fara tunanin yarinyar da za ta girma tana sanin ubanta a hoto. Har wasiyya na soma yi wa Maman Hafsa, ta katse ni.

"Malam, bar wannan. Ka gaya wa likita zancen kaskar nan?"

Ban gaya masa ba, don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Da na gaya masa, aka sake gwaji, aka canza magani. Likitan ya ce ƙwayar cuta ce da kaska ke ɗaukowa daga dabba, ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta shiga, jini take ci.

Alhamdu lillahi. Waɗanda suka ba da jini, da waɗanda suka haɗa kuɗin asibiti, Allah Ya saka muku da Aljanna.

'Yan'uwa, in kun dawo daga cikin dabbobi ku duba jikinku. Kaska a cire ta a hankali har kanta, kada a murtsuke. Zazzaɓi ya zo, a je gwaji, a faɗa wa likita har abin da aka raina.

Jiya Hafsa ta kama gemuna ta ƙi saki. Ban ɓamɓare hannunta ba.