Wayoyi Biyu da Na Miƙar

Ƙarfe bakwai na safe 'yata Auta ta mamaye teburin cin abinci, kamar kullum. Shekararta ashirin da tara, sana'arta gyaran sikeli da na'urorin kantuna. Dangi suna kiranta Injiniya, da irin muryar da ake kiran mai tallan magani Likita. Ni ma ban fi su ba. Shekara talatin na yi ina aikin ƙididdiga, har na saba ganin duk abin da ba a miƙe yake ba kuskure ne.

Ranar tana haɗa kwamfutarta da wani ɗan allo, bai fi akwatin ashana biyu ba. Wani asibitin haƙori ne ya ba ta aikin: allon zai riƙa nuna lambar wanda layi ya zo kansa. Aikinta na farko ke nan da sunanta, kuma ƙarfe biyar za ta kai.

Ƙarfe tara allon yana ta zubo alamomi marasa kan gado.

"Yarenku ne na injiniyoyi?" na ce.

"Saurinsu ne bai zo ɗaya ba, Baba. Kwamfuta na zuba, shi yana tsintar rabi. Kamar kai da Mama."

Sha ɗaya da kwata lamba ta fito tsaf. Ta yi rawa a kan kujera.

Ƙarfe ɗaya ta shiga ɗaki. Na zo kimtsa teburi don a ci abinci, na ga wayoyi biyu da ke shiga allon, fara da koriya, sun gitta juna. Mai digiri ba ya ganin karkata ya wuce. Na zare su, na miƙar.

Ƙarfe biyu allon ya ƙi cewa uffan. Ta tambaya ko wani ya taɓa. Na ce teburi kawai na kimtsa. Ta yanke cewa mahaɗin kwamfutar da allon ne ya ƙone, uku saura ta fita sayo wani. Motar kaya ta same ta a mararraba, ƙarfe uku da minti ashirin, in ji takardar asibiti.

A zaman makoki na gano ashe dangi kaf tun tana goye suka ga baiwarta.

Bayan sati biyu abokin aikinta ya zo ya duba teburin.

"Baba, wa ya miƙar da waɗannan? Ai gittawa ake yi. Mai aikawa ta nan, wurin karɓa take shiga a can."

Ya juya su. Lamba ta fito cikin daƙiƙa huɗu. Na ƙirga.

"Ni ne," na ce.

Ya sunkuyar da kai yana naɗe waya.

Kwamfutar, yayanta ne ya ɗauka, wanda ya fi kowa ce mata ta nemi aiki na gaske. Tufafinta, ƙannen mahaifiyarta suka raba, ba tare da sun wahalar da kowa da tambaya ba. Akwatin kayan gyara na ba abokin aikin. Allon kuwa da kaina na kai asibitin haƙorin, a makare da kwana goma sha shida. Matar da ke karɓar baƙi ta ce tuni sun ba wani aikin, ta tambaya ko haƙori ne ke damuna. Na ajiye shi a kan kantarta, na fito.