Kwana Goma Sha Biyu a Ƙarƙashin Ɗankwali

Tun zamanin da kakanni suka zo Jos haƙar kuza, suna kwashe ruwa daga ramuka da bokiti da tasa, ba a taɓa yin mahalukin da ya yi fama da ruwa irin faman da Ummusalma ta yi a daminar bara ba. Kwana goma sha biyu aka yi ana abu ɗaya. Faɗin filin da aka yi faman kuwa bai wuce abin da ɗankwali guda zai rufe ba.

Ummusalma tela ce. Shagonta na bayan Taminus, ɗaki ɗaya mai keke biyu da wani dogon madubi da ke rage wa kowa ƙiba, wanda maƙwabtanta ke zargin shi ne rabin kasuwarta. Kakanta ya zo daga ƙasar Kazaure da niyyar ya yi rani ɗaya a ramin kuza ya koma, yanzu jikokinsa sun cika layi biyu a Unguwar Rogo. A nan aka haife ta, a nan aka yi mata aure, a nan ta haifi 'ya'ya uku. Babbansu Ibrahim ne, shi ya sa kowa ke ce mata Maman Ibrahim.

Shekara ashirin na zama a kan keke ba su tafi a banza ba. Wata rana likita ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya dubi lamba, ya dube ta, ya ce ko dai ta fara motsa jiki ko ta fara haɗiyar ƙwaya kullum. Ta ga yadda hawan jini ya yi da mahaifiyarta, don haka ba ta yi gardama ba. Ta shiga ajin motsa jiki na mata zalla da wata 'yar ƙabilar Ibo mai suna Akunna ke yi a wani zaure a Titin Bauchi, Litinin da Laraba da Asabar, ƙarfe shida da rabi na safe. Akunna mace ce mai fara'a. Idan mace ta yi fashi sau ɗaya za ta kira ta a waya. Idan ta yi sau biyu, sai ta gan ta a ƙofar shago.

Gashin Ummusalma ma yana da nasa tarihin. Da ƙuruciya ta ba shi man rilaksa mai miƙar da gashi ya sha har ya ƙoshi, man kuma ya ci mata gaban goshi ya bar shi kamar filin idi. Shekara shida da suka wuce ta datse komai, ta bar wanda Allah Ya halitta ya tsiro. Ya tsiro kuwa, baƙi wuluk, cunkus, mai karya haƙoran mataji. Duk duniya namiji ɗaya ne ke da ikon ganinsa, wato mijinta Musaddiq, mai aikin haƙar rijiyar burtsatse, mutumin da sanƙo ya daɗe da sallamarsa daga harkar gashi.

Ranar da zai tafi wani aiki na wata huɗu a Taraba, yana neman takardun mota a akwati ya ci karo da hoton amarcinsu. Ya ɗaga shi sama.

"Kai, Maman Ibrahim! Ki ga gashi a da. Kamar a tallan sabulu."

Ya mai da hoton, ya ɗauki jakarsa. Ta ce masa Allah Ya kiyaye hanya. Shi kafin ya kai Bukur ya manta da zancen. Ita kuwa wata huɗu ta yi tana taka keke tana juya "a da" ɗin nan a ranta.

Da ya bugo waya ya ce ranar Lahadi yana tafe, Asabar tana tashi daga aji ta zarce salun ɗin Foluke, Bayerabiyar da ke gyara mata gashi, wadda ake kira Maman Tobi. Aka wanke, aka busar da diraya, aka shafa man da ke kare gashi daga ƙuna. Sai Maman Tobi ta jona ƙarfen miƙarwa a wuta, ta riƙa tsaga gashin kaɗan-kaɗan tana bi. Awa uku cur. Da aka juyo da kujerar gaban madubi, gashin da ya shekara shida a dunƙule kamar mai fushi ya zubo har ya wuce kafaɗa, yana sheƙi, idan ta juya kai sai ya biyo ta daga baya. Ummusalma ta dubi matar da ke cikin madubin ta ce a ranta, za a ga "a da".

Lahadi da hantsi, miya na kan wuta, waya ta yi ƙara. Injin ya tarar da dutse, in ji Musaddiq, sai an kawo wani bakin haƙa daga Jalingo. Ba zai iso ba sai Juma'a ta sama.

Ta ƙirga da yatsu. Kwana goma sha biyu. A cikinsu akwai ajin Akunna biyar, da alwala sittin, ga shi watan Agusta ne, lokacin da sararin samaniyar Jos ke yoyo kamar tsohon rufi. Shi kuwa gashin da aka miƙar da zafi, ba kamar na rilaksa ba, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe shi ya tuna asalinsa.

Ta sa hijabi ta koma salun.

"Maman Tobi, ba komai. In ya tashi, ranar Alhamis ta sama ki sake ja mini."

Maman Tobi ta ajiye matajin hannunta. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Hajiya, ni ba zan yi ba. Wuta biyu cikin sati biyu? Gashinka zai mutu, ya zama kamar igiya, ko ka wanke ba zai dawo ba. Shekara shida muna wahala ni da kai. Ka je wani salun su ƙona maka, amma kada ka gaishe ni a hanya."

"To in daina zuwa motsa jikin?"

"Akunna zai zo shagonka. Kuma jininka fa? Oga zai dawo ya ga gashi mai kyau a gadon asibiti?"

Don haka aka zauna aka yi doka. Kafin aji ta taje gashin ta naɗe shi kewaye da kai kamar gammo, ta ɗaure da ɗankwalin siliki. A bakin goshi da ƙeya ta zagaya da siririn tawul, shi zai sha zufar kafin ta kai tushen gashi. Bayan aji, ko gobara ake yi kada ta kwance sai kan ya bushe sarai. Ba man kitso, ba tsayawa kan tururin tukunya, wanka sai da hular leda biyu.

Saura alwala, wadda Maman Tobi ta ce ba hurumin salun ba ne. Ummusalma ta tari Malama Suwaiba, malamarsu ta Islamiyya, ta yi ta kewaye-kewaye a kan wata ƙawarta da ke da lalura a ka.

"Ki gaya wa ƙawar taki shafa aka ce, ba wanki ba," in ji Malama, tana kallon tudun da ke ƙarƙashin hijabin Ummusalma. "Ta jiƙa hannu, ta yarfe, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya. Ya wadatar. Wannan alwala ke nan. Shi wanka hukuncinsa daban ne."

Ummusalma ta riga ta samu abin da ta zo nema, ba ta mai da hankali kan ƙarshen ba. Daga ranar ta zama mai yarfe hannu kamar wadda ta taɓa garwashi. Don ta rage yawan shafar ma, sai ta riƙa riƙe alwalar azahar har magariba, wanda ya sa dole ta bar shayi. Duk wanda ya san sanyin Jos a Agusta ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. A gida kuma aka daina tuwo da gwate saboda tururi. Yara suka ci gasasshen dankalin turawa har suka fara tambayar ko wani laifi suka yi.

Litinin ta riga kowa zuwa aji, ta kama wuri a jikin tagar da gilashinta ya fashe, inda iska ke shigowa kamar daga firji, wurin da mata ke gudu. Aka kunna kiɗa. Ummusalma ta ƙudura cewa daga wuya zuwa ƙasa ne likita ya ce a motsa. Ƙafa na tafiya, hannu na tafiya, kai kuwa a tsaye cak kamar ta ɗauko tiren ƙwai.

"Hajiya!" Akunna ta ɗaga murya. "Wannan tsalle ne ko gaisuwar suruka? Ɗaga ƙafa!"

"Ina ɗagawa, Anti."

"Ban ga zufa ba. Kowa ya jiƙe, ke kamar kin zo ɗaurin aure."

"Tawa ta ciki ce."

Mata suka fashe da dariya. Kafin a tashi asiri ya tonu, don tawul ɗin ya leƙo ta ƙarƙashin hijabi. Akunna ta ji labarin ta riƙe ƙugu.

"Saboda oga? To ai shi ke nan. Ba zan rage miki ko tsalle ɗaya ba, amma fankar nan taki ce."

Haka aka yi. Kowa ya watse, Ummusalma ta zauna gaban fanka rabin awa, haƙora na kaɗawa, tana jiran kai ya bushe. Ranar Laraba aka ɗauke wuta, sai mata uku suka tsaya mata da murfin kwali suna fifita, suna yi mata tsiya. Wata ta ce ita mijinta ko kan akuya ta sa ba zai lura ba. Wata ta ce a dai riƙa tunawa da su in an ga alheri.

Mako na farko ya wuce lafiya. A Litinin ta biyu ne aka kusa yin asara. Ta taso daga shago da yamma, ta hau Keke Napep, suna cikin cunkoson Taminus sama ta buɗe baki ɗaya. Labulen gefenta a yage yake. Ummusalma ba ta yi wata-wata ba ta zare leshin wata amarya daga ledarsa, ta cusa shi cikin hijabi, ta kifa ledar a ka ta ɗaure a haɓa. Wani dattijo da ke gefenta ya dube ta, ya dubi titi, ya matsa kaɗan. Haka ta ratsa Titin Bauchi da sunan wani kantin atamfa a goshinta.

Duk da haka, da ta kwance a gida ta tarar ƙeya ta yi tawaye. Wajen faɗin yatsa biyu ya murɗe ya koma gidan jiya. Da sassafe ta isa salun kamar mai kai mara lafiya. Maman Tobi ta duba, ta ja wurin da mataji tana hura masa iska mai sanyi, ta ɗaure tam.

"Ba zai miƙe duka ba. Amma na sama zai rufe shi. Kada dai ka juya wa oga baya."

Alhamis ranar komawa asibiti ce. Likita ya auna, ya sake aunawa. Jini ya sauka sosai. Ya tambaye ta abin da ta canza. Ta ce ba ta fashin motsa jiki, ta bar shayi mai sukari, ta rage tuwo. Likita ya ce da duk masu zuwa wurinsa na kula da lafiyarsu kamarta, da ya huta. Ta karɓi yabon ba tare da ta yi masa ƙarin bayani ba.

Juma'a bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Musaddiq ya shigo ya yi baƙi ya rame, da buhun doya da jarkar manja. Yara suka yi masa sannu da zuwa, suka kwashi tsaraba suka yi waje. Ta kai masa ruwa ɗaki. Sannan ta tsaya inda hasken taga ke faɗowa, ta fuskance shi sosai saboda ƙeya, ta zare ɗankwalin kamar dai zafi ne ya dame ta.

Gashin ya warware ya zubo.

Musaddiq na riƙe da kofi, bai kai baki ba, bai ajiye ba.

"Salma," ya ce. Rabon da ya kira ta da wannan suna tun kafin a yaye Ibrahim. "Wannan duk naki ne?"

"A'a, na a da ne. Aro na yi."

Bai gane inda zancen ya dosa ba, ba ta kuma yi masa bayani ba. Ya dai ce masha Allah sau uku. Abokansa na majalisa suka aiko a ce suna jiransa, ya ce a gaya musu gajiyar hanya ta yi masa yawa, sai gobe. Ummusalma ta ji a ranta cewa sanyin fanka da rashin shayi da ledar kantin atamfa duk sun biya.

Da asubar Asabar, kafin ladan ya yi kira na biyu, ta ɗora tukunyar ruwan zafi. Tana tsaye tana jira ya tafasa ne ta tuna da ƙarshen maganar Malama Suwaiba. A wankan da ke hawa kan ma'aurata babu yarfe hannu, babu hula, sai ruwa ya ratsa tushen kowane gashi.

Kamfata uku ta zuba a ka. Ko minti biyu ba a yi ba, gashin ya koma gidan jiya.