Malama Barira Mai Lambun Kan Sarki

Kafin rana ta taɓa benayen Danau Kota da ke Kwala Lamfur, Malama Barira ta idar da sallah, ta ɗora ruwan shayi, ta kuma zuba wani ruwan ɗumi a faranti. Wannan na biyun ba na sha ba ne. A cikinsa take tsoma gutsattsarin tsofaffin ambulan, ta zauna ta zuba ido har kan sarkin da ke manne ya saki takarda da kansa, sannan ta ɗauko shi a hankali ta kifa a kan tsohon zane ya bushe. Mijinta, Dokta Tajuddeen, ya daɗe da haƙura. Ya ce duk yankinmu na Setapak shi kaɗai ne magidancin da ba ya samun shayi sai an gama yi wa takarda wanka.

Wurin mahaifinta ta gaji abin, mutumin da ya tsufa yana aiki a gidan waya na Gusau. Da ta biyo mijinta Kwala Lamfur karatu, sai ta faɗo inda take so: ga matan ɗalibai 'yan Turkiyya, ga na Iran, ga na Afganistan, kowacce ana aiko mata da saƙo daga gida. Duk wadda ta yi kuskuren yaga ambulan a gabanta sai ta ji salati. Kuma ba ruwan Barira da mai hoton shugaba ko jirgin sama. Furanni take bi, musamman tulif, furen nan mai tsayawa a kan kara guda kamar ɗan kofin shayi, wanda ke cika lambuna a ƙasashen can idan sanyi ya kau. Ita ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Garin da muke kuwa babu sanyin ma balle ya kau.

Amma ba don wannan muke jinjina mata yau ba. Shekara da shekaru, duk Asabar, falonta cike yake da 'ya'yanmu tana koya musu Hausa, yaran da za ka ce "zo ka ci abinci" su ce maka "makan already lah", wai sun riga sun ci. Ba wanda ya ɗauke ta aikin nan, ba wanda ya taɓa kiran sunanta a taro.

Sai ga korona a shekarar 2020. Aka kafa dokar kulle, aka rufe makarantu da masallatai, falon Barira ya yi tsit.

A ƙasan benenta daidai, Ruƙayya ce da 'yarta Khaulah, yarinyar da aka haifa a nan. A shekarar suka shirya zuwa Kano don Khaulah ta ga kakarta, Hajiya Daso, wadda ciwon suga ya riga ya tafi da idanunta. Iyaka ta rufe, tafiya ta fasa. Kiran bidiyo bai amfana wa tsohuwar komai ba, murya kaɗai ke isa gare ta. Khaulah kuwa da ta ce "ina kwana" Hausarta ta ƙare, sai ta miƙa wa uwarta waya ta gudu. Wata rana Hajiya ta ce, "Ruƙayya, ashe zan bar duniya ban san jikata ba." Ruƙayya ta kira Barira tana kuka har ba a jin abin da take faɗa.

Kashegari da safe Khaulah ta ga robar tapau, irin wadda ake sayo abinci a ciki, tana saukowa a kan igiyar shanya tana lilo a barandarsu. A ciki, kan sarki guda mai jan tulif. Kafin yarinyar ta kai hannu, uwarta ta yi wuf ta fesa masa sanitaiza, ta fesa, ta ƙara, don a lokacin har burodi sai da muka so mu wanke. Tawada ta narke, fure ya koma kamar an ɗiga miyar tumatir a takarda. Khaulah ta fasa ihu.

Barira ta leƙo daga sama da takunkuminta tana dariya. "Haba Maman Khaulah! Fure na aiko, ba korona ba!" Amma a ranta murna take, don ta ga yarinyar ta ƙyasa. Daga ranar sai ta riƙa sa shi a 'yar leda, a fesa leda a bar mata fure. Ta kuma kafa sharaɗi: wanda ke son na gobe, sai ya turo saƙon murya ya faɗi abin da ya gani a na yau, da Hausa.

Saƙon Khaulah na farko ya iso: "Malama, flower ɗin red ne lah."

Da safe roba ta sauko, babu komai a ciki. Khaulah ta yi fushi, ta ƙi cin abinci, ta yi ta zagaye falo. Wajen la'asar ta je ta tsaya a bayan uwarta a kicin, ta tambaye ta kalmomin Hausar ƙasa-ƙasa. Sai ga sabon saƙo: "Ja ne. Yana da ganye. Ki ba ni wani."

To, fa! Abu ya kankama. Sauran yaran benen suka ji labari suka tayar wa iyayensu hankali, Barira ta koma rataye ledoji a mariƙin ƙofofi. Kowane gida aka manna furanni a kwali aka jingina a bango. Iyaye masu digiri uku-uku suka shiga tambayar juna yadda ake cewa kala kaza da Hausa, har wani dokta ya bugo wa babarsa waya Katsina a kan shunayya. Gwangwanin kan sarkin da Barira ta yi shekaru tana tarawa ya yi ta raguwa, ba ta taɓa waiwayarsa ba.

Akwai guda da ta fi so, mai ɗauke da lambu sukutum. Ranar da ta sauko da shi, ta leƙo ta ce, "Khaulah, wannan ba ni za ki faɗa wa ba. Hajiya za ki faɗa wa, ita da ba ta gani."

Aka kira Kano. Yarinyar ta karɓi waya.

"Hajiya, ina kwana. Ina da lambu."

"Lambu? Ke 'yar nan, a saman bene? Me kika shuka?"

"Fure. Layi ɗaya ja, layi ɗaya fari, layi ɗaya kamar ƙwai a ciki. Akwai hanya a tsakiya. Mutum biyu za su iya wucewa."

Can tsohuwar ta ce, "To riƙe hannuna mu shiga. Me ke hannunmu na dama?"

Suka shiga kuwa. Suka yi ta yawo a lambun nan har katin waya ya ƙare, Hajiya na tambaya, Khaulah na amsawa, inda ta kakare ta ƙirƙiro. Ruƙayya na durƙushe a bakin kicin, hawaye har haɓa. Daga ranar, tsohuwar ce ke fara bugowa: "Ina jikata? Yau wanne ya fito?"

Malama Barira, ke ce kika yi wannan. Ke ce kika rabar da abin da kika fi ƙauna, ɗaya bayan ɗaya, ga yaran da ba ke kika haifa ba. Ke ce mai taurin ran sauko da roba babu komai, alhali zuciyarki na kuka tare da yarinyar. Uwar yaran Danau Kota, sannu da aiki!

Yanzu an buɗe iyakoki, Dokta Tajuddeen ya kammala karatu, kuna haɗa kaya za ku koma gida. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifinki. Mu kuma da muka rage, Asabar na nan tafe, yara na nan, kowa ya duba abin da ke cikin nasa gwangwanin ya fito da shi.

Da Hajiya Daso ta ji za ki dawo, ta sa an ɗauki muryarta an turo. Ta ce, "Ku gaya wa Malamar nan ta biyo ta Kano, ina so in shafa fuskarta. Na san jikata yanzu. Kuma ku ce mata makauniya ta ga fure."