Taken Garba Tabarya

Ranar wata kasuwar Bodinga, kakar da sojojin yaƙin Bama na zamanin Turawa suka fara dawowa gida, ina tsugune a rumfar mahauta ina kore ƙuda daga kan nama, gardama ta kaure kamar za a zare wuƙaƙe. Gardamar ba sabuwa ba ce, na tabbata ta girme ni. Wa ya fi a dambe, Kawu Labbo ƙanen innata, ko Garba Tabarya na Shagari?

Mu mutanen Bodinga cewa muke idan Kawu ya kai naushi sai kaji su daina ƙwai har Dingyadi. Ni na ƙara da cewa ya taɓa marin jaki, jakin ya manta hanyar gida. Mutanen Shagari kuwa rantsuwa suke Tabarya ya taɓa dukan kuka ta zubar da 'ya'yanta. Gaskiyar ita ce sun sha gamuwa a fage, ba wanda ya kai wani ƙasa. Kafin su sake karawa aka ɗebi Tabarya aikin soja. Abokan tafiyarsa sun dawo, shi bai dawo ba, kuma ba wanda ya ce ya ga gawarsa.

Ran nan sai Sarkin Fawa ya ce ya gaji. A al'ada, idan ɗan dambe ya ɗaura hannu ya tsaya a fage, aka kaɗa wa abokin karawarsa takensa bai fito ba, to ya sallama. Ya ce a yi hakan a damben kaka, a ba Kawu girmansa a huta.

Da aka gama sussukar gero muka ɗunguma Shagari, mu yara muna tafe muna naushin iska, muna shan raken mutane. Bayan la'asar Kawu ya shiga fage, hannunsa naɗe da zare. Makaɗi ya saɓa kalangu ya saki taken Tabarya, wanda rabon da a ji shi tun ranar da ya tafi. Na kutsa gaba ina leƙe. Mutanen Shagari suka dare suka buɗe hanya, a daidai inda Tabarya ya saba shigowa. Ba kowa a hanyar. Sai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefe ta miƙe, ta kare ido da hannu tana leƙen titi. Aka yi ta raɗa cewa uwarsa ce. Ƙosanta yana ƙonewa a kasko, ba ta juyo ba.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa haƙori ya kama bakin zaren, ya fara warwarewa. Sarkin Fawa ya ce masa ya dakata, kiɗan bai ƙare ba.

"Sarki, a bari," in ji Kawu. "Bai hwaɗi ba. Tahowa ce bai yi ba."

Kawu bai sake ɗaura hannu ba. Yau gemu ya fara tsiro mini, ni ke fiɗa a rumfar, gardamar kuma tana nan inda take, har ni nakan sa baki in ƙara gishiri. Kawu dai wasa wuƙarsa kawai yake yi. Amma duk ranar da motar Sakkwato ta tsaya a bakin kasuwa, nakan ga ya ɗaga kai yana duban masu sauka, har na ƙarshe.