Tafarnuwar Desanka a Hannun Dama

Shekara arba'in Desanka ta yi tana kwantar da ciwon haƙori a ƙauyenmu, kuma ba wanda ya taɓa yabon bakinta. Ka zo mata da kunci a kumbure, sai ta fara wanke ka tas: kai da goge baki kun yi hannun riga, ga kwaɗayin zaƙi kamar ƙuda. Sannan ta sa ka kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ta cusa kanumfari a kogon haƙorin, ta daka tafarnuwa ta ɗaure maka a wuyan hannu da tsumma. A nan asirin yake. In haƙorin dama ke ciwo, hannun hagu ake ɗaurewa, in na hagu ne kuma na dama. Haka uwar mijinta ta koya mata, kuma ko limamin coci bai isa ya ja da ita a kan wannan ba.

"Na kwana ɗaya ne," in ji ta kullum. "Gobe ka hau bas ka je a cire maka ruɓaɓɓen."

Mutum ɗaya ne bai taɓa neman maganinta ba, Milutin ƙanin mijinta, mai busa ƙaho a bukukuwan aure. Ranar da aka binne mijin nata, a bakin kabari, Milutin ya ce da an kai yayansa asibiti maimakon a tsaya dakan tafarnuwa, da yanzu yana raye. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba ta yafe ba, ba ta da niyya kuma.

Sai ga shi wata Asabar da hantsi a tsakar gidanta, hula a hannu, kuncin dama kamar an cusa masa dankali. Washegari auren jikarsa Biljana, shi zai busa a gaban amarya daga gida har coci. Ya kurkure da barasa har harshe ya mutu, a banza.

"Matar Yaya, ina kwana."

"Au, ashe ka san hanya. Asibitin ne ya ƙone?"

"A rufe yake sai Litinin."

"To ni me zan yi maka? Ba ni ce mai kashe mutane da tafarnuwa ba?"

"Ba don ni ba, don yarinyar nan. Tun tana rarrafe na yi mata alkawari."

"Zauna. Buɗe. Tir! Ko bunsuru ya fi ka tsabtar baki."

Ta ba shi ruwan gishirin, ta danna kanumfarin da ƙarfi har ya yi ƙwalla. Da ta zo ɗauri, sai ta kama hannun dama, ɓangaren ciwon, da gangan. Shi da ya raina sana'ar ina zai sani? Ta ja tsumman ta ƙulle tamau, ranta fari tas. Gobe ya hura ƙahon mu gani.

Ran Lahadi ta sha baƙin ɗankwalinta ta jingina da shinge, ta zo kallon kunya. Milutin ya ɗaga ƙaho ya busa har karnukan ƙauye suka amsa. Kumburi ya sace. Bai tsaya nan ba, wajen cin abinci ya miƙe da kofi, tsumman na nan a hannunsa, ya ce, "Jama'a, aikin matar Yayana ne wannan. Na yi mata baƙar magana a baya, na janye."

Aka yi ta tafi. Desanka ta bar gasasshen ragon bikin ko taɓawa ba ta yi ba, ta koma gida tana huci. Haushin godiyarsa kaɗan ne. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, in hannun da bai dace ba ma yana yi, to me ta shekara arba'in tana rantsuwa a kai?

Ran Talata Jelica maƙwabciyarta ta shigo riƙe da kuncin hagu, ta zauna tana jiran zagi. Zagi bai zo ba. Desanka ta daka tafarnuwa ta zuba a tsumma. Jelica ta miƙo hannuwa biyu.

"Wanne ne ma, Goggo? Kullum sai na manta."

Desanka ta daɗe tana kallon hannuwan.

"Ba ni wanda kika ga dama," ta ce.