Ranar da Matan Narayi Suka Kama Ni Ina Bin 'Yata

Edita, a shekarun farko da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni magidanci ne a unguwar Narayi, ma'aikacin masaƙa, kuma dattijo a cocinmu, irin dattijon da in ya yi gyaran murya matasa ke gyara zama. Ina da 'ya'ya biyu, amma gaskiya ban san ko ƙarfe nawa ake tashi daga makaranta ba, don da sassafe nake fita, sai yamma lis in dawo. Kwatsam aka rufe sashenmu aka sallame mu. Matata tana kasuwar Sabon Tasha tana sayar da doya, da ƙaramin a bayanta, ni kuwa aka bar ni a gida daga ni sai agogon bango da rediyo. Duk labarin ɓatan yaro da rediyo ya kawo, ko a wace jiha aka yi, sai in ji kamar a bayan ɗakina ne.

Abin kunyar shi ne ni kaina sakaka na tashi. A ƙauyenmu can kudancin jihar, da safe za mu kora awaki, mu hau duwatsu, mu yi iyo a rafi, mu ci mangwaron mutane, ba mai neman mu sai tuwo ya sauka. Uwata ba ta taɓa tambayata inda na je ba, ƙafafuna kawai take kallo ta girgiza kai. Amma ni sai na kafa wa 'yar farina doka, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya: daga makaranta sai gida, daga gida sai coci. Har na taka da ƙafata daga ƙofar makarantar zuwa gida ina duba agogo, minti goma sha biyar cif. Ana tashinsu ƙarfe biyu, ita kuwa ba ta shigowa sai uku. In na tambaye ta, yau ta ce shara aka sa su, gobe ta ce malami ne ya tsare su. Na kai ƙara wurin uwarta, ta ce in dubi gwiwoyin yarinyar mana, wannan ƙurar wasa ce, in bar ta ta sha iska ni kuma in je in nemi aiki. Maganar ta yi mini zafi, na ce a raina sai na nuna mata wanda ya san tsaron gida.

Wata Laraba a watan Maris, ana zafin da ko kaza ba ta fita, na ɗauko tsohuwar rigar ruwa mai hula, na ƙara da baƙin tabarau, wai don kada yarinyar ta gane ni. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina ina hankalina ya tafi ranar. Na laɓe bayan wata matacciyar mota kusa da makarantar har aka kaɗa ƙararrawa. Ta fito da ƙawayenta uku, na bi su daga nesa, in sun waiga in maƙale a bayan falwaya, alhali tumbina ya ninka falwayar biyu. Gumi kuwa har cikin silifas. Suka bar babban titi suka shiga wani lungu inda ake sababbin gine-gine, suka faɗa wani kango mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya faru. Na lallaɓa na leƙa ta ramin taga.

'Yar gala-gala suke yi. Sun jibge jakunkuna a gindin bishiya, sun zana layi a ƙasa, ga wasu yaran unguwa sun taru. 'Yata da a gida sai ka yi tambaya uku kafin ta amsa ɗaya, ita ce shugaba a nan, tana tsalle da ƙafa ɗaya, tana gardama, tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin wannan dariyar a gidana ba. Da ina da wayo, da na juya na koma gida na rufe bakina. Sai na tsaya kallo, har ina jin haushi da wata ta yi mata maguɗi.

Ina cikin haka na ji an dafa kafaɗata. Wata mata ce mai suyar awara a bakin titi, ashe tun daga makaranta take lura da ni, ta kuma biya wurin famfo ta kwaso mata huɗu, ɗaya da muciya a hannu. Ta tambaye ni, cikin ladabi ma, wa nake nema. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne, in cire tabarau in ce 'yata ce a ciki. Amma kunya ta rufe ni, na tuna ni dattijon coci ne an same ni ina leƙen yara ta taga, sai kawai ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da ni ba. Na zura da gudu. Ihun ɓarawon yara ya tashi, 'yan acaɓa suka tare gaba, magina suka diro daga kan gini. Rigar ruwan ta harɗe ni, na faɗa kan tulin yashi, silifas ɗaya ya yi nasa wuri.

Aka zaunar da ni a ƙasa aka kewaye ni. Na ce ni uban yarinyar ne, mai awara ta ce duk haka suke cewa. Ta ce in faɗi sunanta, na faɗa, wani magini ya ce to wannan ya nuna na daɗe ina bibiyarta. Sai ta tambaye ni ajinta nawa. Na ce biyar. Aka aika aka tambayo, aka dawo aka ce shida take. Edita, ni da na auna hanyar makaranta da agogo, ban san ajin 'yata ba. Mai muciya ta sauke mini ɗaya a gadon baya, na ji wani daga baya yana tambaya ko akwai tsohuwar taya a kusa. A nan na daina tunanin mutunci, na shiga kiran sunan Yesu da ƙarfi, ina roƙo a kawo yarinyar ta gan ni.

Aka kawo ta, ƙawayenta na biye. Aka tuɓe mini hula da tabarau. Ta tsaya tana kallona, ga yashi a gemu, ga ƙafa ɗaya ba takalmi, har na fara tsoron ko za ta rama ne ta ce ba ta san ni ba. Can ta sunkuyar da kai ta ce babanta ne, sai ta fashe da kuka. Na san ba tausayina ya sa ta kuka ba, kunya ce a gaban ƙawayenta. Taron ya watse da dariya, mai awara ta wanke ni tas, ta ce Baba da girmanka, sannan ta ba ni ruwa na wanke fuska. Muka taho gida ni da yarinyar. Uwarta da ta ji labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Na ɗauka an gama, ashe labarin ya riga ni fita, kuma bai tafi da ƙarshensa ba. Bayan kwana biyu a cikin bas wani mutum yake ba mu labarin ɓarawon yaran da aka kama a Narayi da buhu, wai har ɓarawon ya mai da yara uku doya. Na ce ni dai na ji ba haka aka yi ba, ya ce in yi masa shiru, a gabansa aka yi. Ranar Lahadi Fasto ya ja kunnen iyaye a kan lamarin, sannan ya ce dattijo ya tashi ya yi addu'a Allah ya tona asirin wannan mugun mutum. Ni ya nuna. Na tashi na yi, ina hango matata a layin zumuntar mata ta cusa ɗankwali a baki, kafaɗunta na girgiza.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Iyaye suka tsorata, kowa ya kulle nasa. Aka fara zuwa ɗaukar ƙawayen 'yata a ƙofar makaranta, mai kangon ya sa aka toshe ƙofarsa da bulo. 'Yata ta koma shigowa biyu da kwata daidai, ta durƙusa ta ce Baba sannu da gida, ta shige ɗaki. Abin da na nema ke nan, na kuma samu, amma ko kaɗan bai yi mini daɗi ba. Bayan mako biyu na kasa daurewa, na kira ta na ce na janye dokar, ta je ta yi wasanta har uku, har huɗu ma. Ta dube ni ba fushi ba murmushi, ta tambaye ni da wa za ta yi.

Shi ya sa na rubuto, don iyaye irina. Tsoro gaskiya ne, garin ba kamar ƙauyen da muka tashi ba ne, ban ce a saki yara ba a san inda suke ba. Amma in kana son sanin inda ɗanka yake zuwa, zaunar da shi ka tambaye shi yadda ba zai ji tsoron faɗa maka ba, ka fara da sanin ajinsa. In kuwa dole sai ka bi shi, ka bi shi da fuskarka a buɗe. Na yi nadama ƙwarai, domin a duk zamana a unguwar nan ba a taɓa kama wani ɓarawon yara ba in ba ni ba, kuma saboda ni yaran layi guda suka ƙare firamare a bayan ƙyaure.