Yaya Rabi da Murfin Haƙori na Sati Uku

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rabi. A bana na zauna in rubuta addu'a da yabo kamar yadda na saba, na kasa, saboda wani abu da ya faru watan jiya ya hana ni sukuni.

Yaya Rabi mai haɗa haƙori ce a wani ƙaramin asibiti a nan Wudil. Idan likita ya fere haƙorin da ya lalace, kafin a kawo murfinsa na dindindin daga Kano, ita ke kwaɓa hoda da ruwan magani ta yi murfin roba na wucin gadi a manna. A ƙa'ida sati biyu ko uku zai yi a baki. To amma masu zuwa wurinta manoma ne daga Utai da Dagumawa da Ɗankaza. Wanda aka sa wa murfi a farkon damina, sai an gama girbi za a sake ganinsa. Kafin nan ya ci goro, ya sha rake, ya tauna aya.

Akwai wani Malam Sale, mutumin Dagumawa, da murfinsa ya tsage bai sani ba. Ya dawo bayan wata biyar da kumburarren kunci, sai cire haƙorin aka yi. Ranar nan Yaya ko abinci ba ta ci ba. Daga nan ta jera kwalabe a tagar ɗakinta, wannan da shayi, wancan da zoɓo, wani da ruwan tsamiya, ta jiƙa murafu a ciki. Duk Juma'a sai ta tsamo su ta matse da filaya. Ta lura mai tauri sosai farat ɗaya yake darewa, mai ɗan laushi kuma a hankali yake cinyewa. Ta koyi ƙara kauri a wajen tauna, ta daina gaggawar kwaɓi don kada iska ta shige. Ni da nake koyar da kimiyya a jami'a dariya na riƙa yi mata. Muna da na'urar gwada ƙarfin abu a sashenmu, ban taɓa cewa ta kawo mu gwada ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Watan jiya wata tsohuwa daga Utai, Iya Talatu, ta yi sallama gidanmu tana neman "'yar nan mai haƙori". Da na gaya mata Yaya ta rasu, ta daɗe tana salati.

"Allah ya jiƙanta. Ta ce mini in dawo bayan sati uku, ni kuwa na ga abin ko motsi bai yi ba. Sai yanzu yake mini zogi."

"Iya, yaushe ta sa miki?"

"Tun jikata Hauwa tana ciki, ɗan nan. Yanzu ga ta a firamare."

Na kai ta asibiti. Likita ya ɓamɓare murfin: ya dafe, ya yi siriri, amma babu tsaga ko ɗaya. Gam ɗin ne ya daɗe da narkewa, haƙorin ya ruɓe a ƙarƙashi har saiwa. Shi ma cire shi aka yi. Likitan ya jujjuya murfin a tafin hannunsa ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa.

Da Yaya tana raye, murna za ta yi ko kuka? Don kada a sake yin irin na Malam Sale ta ƙara wa aikinta ƙwari, ƙwarin nan kuma shi ya zaunar da Iya Talatu a gida. An ce yanzu akwai injin da ke sassaƙa murfin da ya fi nata ƙarfi nesa ba kusa ba. Na san ba za ta raina shi ba, amma za ta tambaya wa zai je Ɗankaza ya ce wa mutum lokacin komawa asibiti ya yi.

Na roƙi ma'aikatan asibitin suka duba tsohuwar rajista, suka kira waɗanda Yaya ta sa wa murfi ba su dawo ba. Da yawa lambarsu ba ta shiga, sai na nemi izini nake bin masu unguwanni ranar Asabar a kan babur. Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Damuwarta da mutanen nan ta bari, ita ce ta faɗo kaina. Zuwa yanzu na samu mutum biyu. Ɗaya ya zo, an ceto haƙorinsa. Ɗayan ya ce sai ya gama yankan dawa. Allah ya jiƙanki, Yaya. Jibi zan koma wurin mai yankan dawar.